"Mu biyu muka yarda": shin yarda tana wanke jini?

Akwai wata magana da take yawo a bakin samarinmu, a tasha da bakin kasuwa, daga Nguru har Gashuwa. Wai idan mutum biyu suka ɓata, suka sa rana, suka ce "mu haɗu bayan gari, namiji ya fito," to duk abin da ya faru ba mai bin wani bashi, tunda ba wanda aka ja da igiya. Har cikin manya akwai masu gyaɗa kai. Tambayar da ke ƙarƙashin wannan magana tsohuwa ce, alƙalai sun sha fama da ita tun zamanin kakanninmu: shin mutum yana da ikon ba wani izinin ɗaukar ransa?

Mu fara da Turawan da suka mulke mu, don su ma sun yi wannan cuta. A ƙasashensu, idan babban mutum ya ci mutuncin ɗan'uwansa, sai a aika masa da ƙalubale, a sa rana, kowa ya zo da abokinsa mai tsaya masa, a auna taku, a harbi juna. Ba 'yan tasha ne ke yi ba, masu mulki ne. A 1804 mataimakin shugaban Amurka, Aaron Burr, ya harbi Alexander Hamilton a irin wannan fito-na-fito, washegari ya mutu. A 1829 firayim ministan Ingila, Wellington, yana kan kujera ya fita filin, Allah ya sa ba a rasa rai ba. Dokar Ingila kuwa tun can kisan kai take kiran abin, har abokan da suka raka sai ta haɗa da su. Amma sau da yawa masu taya alƙali yanke hukunci sukan saki mai laifin, don a ganinsu mutuncinsa ya kare. Doka na gabas, jama'a na yamma. Sai a 1852 aka yi mutuwar ƙarshe a irin wannan faɗa a Ingila, shekara hamsin kafin sojojinsu su shigo Borno a 1902, Kano da Sakkwato a 1903.

Da suka zo, Lugga bai rushe kotunan alƙalai da na sarakuna ba. Manyan kotunan sarakuna sun ci gaba da shari'ar kisa bisa mazhabar Malikiyya, sai dai ba a zartar da hukuncin kisa sai Gwamna ya amince. A gefe guda suka kafa tasu dokar laifuka a Arewa a 1904, aka faɗaɗa ta zuwa dukan Najeriya a 1916, kuma ta ce yardar mutum a kashe shi ba ta rage wa wanda ya kashe shi laifi. Kun ga, a nan dokokin biyu bakinsu ɗaya. Inda suka rabu shi ne batun tsokana. Dokar Bature tana sassauta wa wanda aka tunzura ya yi kisa cikin fushi. Alƙalin Malikiyya ba ya karɓar fushi a matsayin uzuri. A 1947 kotun Sarkin Gwandu ta yanke wa wani Tsoho Gubba hukuncin kisa, kotun ɗaukaka ƙara ta Afirka ta Yamma ta soke, saboda wannan bambanci. Irin wannan ja-in-ja na cikin abin da ya haifar da dokar Final Kod ta 1959, wadda ta fara aiki a 1960. Sashe na 222 nata ya ɗauke hukuncin kisa daga kan wanda ya kashe baligin da ya yarda da kansa ya shiga haɗarin. Mai cewa "ai an yarda" kada ya yi murna: laifi ne har yanzu, hukuncinsa yana iya kaiwa ɗaurin rai da rai.

To, mu dawo littattafanmu, don nan ne amsar ta fi fitowa fili. A Mukhtasar na Shehu Halilu an kawo mas'alar ƙarara: ko da mutum ya gaya wa wani tun farko cewa in ya kashe shi ya yafe, ƙisasi bai faɗi ba. Dalilin malamai shi ne ya yafe haƙƙin da bai riga ya tabbata ba. Mu 'yan kasuwa mun san wannan: ba ka sayar da buhun da bai zama naka ba. Amma ku lura da wani abu mai kyau. Idan an riga an ji masa raunin da zai kai shi, yana kwance ya ce ya yafe, wannan afuwa ana karɓarta, muddin ba kisan gilla ba ne. Afuwa bayan an cuce ka sadaka ce. Izini kafin a cuce ka kuwa buɗe ƙofar ɓarna ne, kuma da uwarka da matarka da 'ya'yanka duk suna da rabo a ran nan, ba wanda ya shawarce su. Ko da magada sun yafe ma, Risala ta ce a yi wa mai kisan bulala ɗari, a ɗaure shi shekara guda, don akwai haƙƙin jama'a da ba ya faɗuwa.

Wani zai ce, to dambe fa, da kokawa? Ai mahauta sun gaji dambe kaka da kakanni, wani lokaci har a rasa rai. Ba muna wanke dambe ba ne. Malamai da yawa sun hana shi saboda dukan fuska. Amma a wajen hukunci Malikiyya sun bambanta. Abin da aka yi da sunan wasa, ba gaba ba ƙiyayya, aka samu mutuwa, ana lissafa shi kisan kuskure: diyya da kaffara. Abin da aka yi cikin gaba da fushi kuwa ganganci ne, ko da mari ne ko naushi ɗaya. Saboda haka mai sa rana don ya rama zagi ba zai fake da filin dambe ba. Shi da gaba ya kwana, da gaba ya tashi, har ya samu lokacin wasa wuƙa.

Mun kuma ji masu kafa hujja da ranar Badar, inda Sayyidina Hamza da Ali da Ubaida suka fita gaba da gaba da Utba da Shaiba da Walidu. Haba jama'a! Wancan filin yaƙi ne, da umarnin Manzon Allah (SAW). Me ya haɗa shi da rigimar kuɗin lodi ko ta budurwa? Abin da ya shafe mu shi ne hadisin Abu Bakrata da ke cikin Buhari da Muslim, inda aka yi wa Musulmi biyu masu fuskantar juna da makami gargaɗin wuta, har da wanda aka kashe, domin shi ma kisan ya fito yi. Wato yardar da ake taƙama da ita, ita ce ma ta jefa mamacin cikin laifi.

Sai masu zuga, waɗanda suka fi ba mu tsoro. Faɗan sa rana ba ya yiwuwa sai da 'yan kai saƙo da 'yan kallo da mai cewa "kai ma namiji ne?" A Ingila, abin bai mutu don doka kaɗai ba; ya mutu lokacin da jama'a suka daina ganin mai ƙin fita a matsayin matsoraci. Yaron da aka ƙalubalanta ya ƙi zuwa, in ya shigo cikinmu, da wane ido muke kallonsa?

Kuma mu tuna matsayinmu. Da yawanmu iyayenmu fatauci ne ya kawo su ƙasar nan, musamman bayan jirgin ƙasa ya iso Nguru a 1930, suka zauna cikin Badawa da Mangawa da amana. Idan jini ya zuba tsakanin ɗanmu da ɗan gari, ba sunan yaron za a kira ba, "Hausawa" za a ce, kuma rumfar wanda bai san hawa ba bai san sauka ba ita za ta fara ji a jika. Idan aka yi sa'a aka sasanta a kan diyya, asalinta raƙumi ɗari ne ko dinari dubu. A kisan kuskure dangin uba ke taruwa su biya. A kisan ganganci shari'a ba ta ɗora musu ko sisi ba, a dukiyar mai kisan take. Yaro ɗan shekara ashirin mai tura baro ba shi da ita, saboda haka shagon mahaifinsa da gidan da ƙannensa ke kwana a ciki su za a sa a kasuwa.