Likitan Kifi Ruwa Yake Fara Dubawa

Masu kiwon karfasa sun san wannan tashin hankali: da asuba a leƙa kududdufi a tarar kifi sun taso sama suna ta buɗe baki. Nan da nan mai kiwo ya ruga shagon magani, ya sayo kafso ya zazzage a ruwa. Alhali sau da yawa babu cutar komai. Gansakukar da ta mayar da ruwan kore tana ba da iskar oksijin da rana, da dare kuwa ita ma shaƙa take yi, kafin gari ya waye iskar ta yi ƙasa. Kifin numfashi yake nema, an ba shi magani.

Shi ya sa likitan kifi, in ya iso, ba kifin yake fara kamawa ba. Ruwa yake ɗiba ya auna iskarsa da zafinsa da yawan amoniya, wato gubar da ke taruwa daga jikin kifin da ragowar abincin da ya ruɓe. Ya tambayi kifi nawa aka cusa, yaushe rabon a sauya ruwa. Sai daga baya ya kankaro majinar jikin kifi ɗaya ya duba a madubin likita.

Tarwaɗa ma ta fi yaudarar mai ita. Tana iya shaƙar iska daga sama, don haka takan daure wa ruwan da zai kashe karfasa, har sai gyambo ya fito mata. Ƙwayar da ke kawo gyambon, Aeromonas, da ma tana cikin ruwan, jira take jiki ya yi rauni. 

Hanyar shiga aikin tana da tsawo. Sai an yi shekara 6 ana karatun likitan dabbobi, misali a Zariya ko Sakkwato ko Maiduguri, sannan a nemi ƙwarewa a wuri irin cibiyar binciken kifi ta New Bussa, kusa da tafkin Kainji. Yawancin ɗalibai shanu da kaji suke hange, ga kuma kududdufan siminti sun yawaita a bayan gidaje. Ɗalibi, in za ka zaɓi fanni, ka tuna da masu kiwon kifi, suna buƙatarka.