Kafin ka ɗora wa roba laifi

Ɗana, tunda yanzu ka bar hannun maigidanka ka buɗe naka gareji, zauna mu yi maganar motar nan da ke dawo maka da yoyon mai mako biyu bayan ka canja mata sil. Na san ba ha'inci ka yi ba. Sabo ka saya, ka buga shi, ka goge wurin tas. Da mai mota ya nuna maka ɗigon baƙin mai a ƙasa, abin da zai fara zuwa bakinka shi ne kayan yanzu ba su da ƙarko. Wani lokacin haka ne. Amma sau da yawa robar lafiyarta lau, ƙarfen da take riƙe da shi ne ya cinye.

Leɓen sil siriri ne, da ɗan zoben waya a bayansa yana matse shi a jikin shaf, shi kuwa shaf juyi dubbai yake yi a minti guda. Ƙurar hunturu da yashin hanya sukan maƙale a leɓen nan, su yi ta gurzar wuri ɗaya shekara da shekaru, har su tsaga wa ƙarfen siririn rami kewaye da shi. In ka zaunar da sabon sil a cikin wannan rami, ka kashe maciji ne ba ka sare kansa ba. Don haka duk ranar da ka cire tsohon sil, ka wanke shaf ɗin, ka bi shi da farcenka a hankali. In farce ya tsaya a wani wuri, to mai ma ta nan zai bi.

In alama ce kawai, samfefa mai laushi ta isa, amma ka goga a kewaye, kada ka karkata hannu, domin karkataccen zane jawo mai waje yake yi. In rami ne, a wasu injina kana iya zaunar da sil ɗin ciki kaɗan, leɓensa ya hau lafiyayyen wuri. In ya yi zurfi, akwai siririyar rigar ƙarfe irin Speedi-Sleeve ta kamfanin SKF, kaurinta milimita 0.28, ana cike ramin a sanya wa shaf ita, sil mai lamba ɗaya da na da ya hau kanta. In ba ka samu ba, masu walda da injin sassaƙa ƙarfe a Panteka ta Kaduna sun san cikewa da daidaitawa. Gam kuwa, ɗana, ba ya riƙe abin da ke juyawa, kada ka wahalar da kanka.

Ka kuma girgiza shaf ɗin ka ji ko boris ya yi wasa, ka duba ko hanyar numfashin inji ta toshe, don iskar da ta rasa mafita ta sil take turo mai. Ka shafa wa leɓen mai kafin ka sa, zoben wayar ya fuskanci ciki.

Abin da ya sa nake nanata maka, man da ya zubo daga bayan inji kuloci yake jiƙawa, wanda ya zubo daga ƙafar baya kuma birki yake samu, motar nan kuwa iyalin mutum take ɗauka. Na san nauyin gaya wa mai mota cewa aikin ya fi yadda kuka yi tsammani. Kira shi, ka kama yatsansa ka ɗora a kan ramin, ya ji da farcensa, sannan ku yi maganar kuɗi.