Ziyarar Difa da Bakin Komadugu

 

Ya ɗan'uwa, ka sani Allah Ya kwaɗaitar da bayinSa yin tafiya a bayan ƙasa domin lura, magabata kuma suka ce tafiya mabuɗin ilmi. Inda nake so ka nufa shi ne Difa, can ƙuryar gabashin Nijar, fiye da kilomita 1,300 daga Yamai. Daga Damagaram sai Gure, sai Maine-Sorowa, sai Shatimari. Idonka zai ƙoshi da rairayi da ƙaya, sa'an nan ka hango wani layin kore ta hannun dama. Komadugu ke nan, wanda da Barbarci ma'anarsa kogi.

Dubi ikon Allah a kan wannan ruwa. Asalinsa ruwan saman ƙasar Kano da Bauci ne, wanda kogin Haɗeja da na Jama'are ke kwasowa. Yana tafe a hankali ta Gashuwa da Gaidam, ya zama iyakar Nijar da Nijeriya, har ya faɗa Tafkin Cadi. Ba ya cika ya batse a Difa sai wajen Nuwamba, lokacin da sama ta daɗe da ɗaukewa. Manomin Shatimari yana ban ruwa da hunturu da ruwan da ya zuba kan rufin Bakano tun damina. Wanda ya tsara wannan rabo, tsarki ya tabbata a gare Shi.

A lokacin nan ya kamata ka je. Ka fita bayan sallar asuba, sanyi na ratsa riga, ka ji ƙarar injin ban ruwa a garake. Gaba kaɗan ga tattasai an shanya a ƙasa, ja wur, mata na tsince shi, ƙamshinsa na sa atishawa. Shi ne arzikin wannan ƙasa ta Manga, buhunansa na cika kasuwannin Nijeriya. Mutanen wurin ba su san gaggawa ba. Babarbare zai tsaya ya gaishe ka, ya tambayi gida da iyali da gajiya, kai ma ka zauna ka amsa, domin gaisuwar ita ce ƙofar kowace hulɗa.

Abin da ya fi taɓa zuciyata shi ne sunan Shatimari. Shatima sarauta ce da sarakunan Barno ke naɗa wa malamai. A kudancin wannan kogi ne Mai Ali Gaji ya kafa Birnin Gazargamu a ƙarni na 15, birnin da ya yi ƙarni uku yana cibiyar mulki da karatu, kafin a ci shi a 1808. Kakanninmu da suka ce za su tafi gabas neman haddar Alƙur'ani, da allo da buzu a kafaɗa, wannan ƙasa suke nufi. Ruwa ya gangara daga ƙasar Hausa zuwa Barno, gardawa suka komo mana da karatu. Wa ya fi wani cin riba?

Ba zan ɓoye maka jarrabawar da ta sami mutanen wurin ba. A ƙarshen 2014, da aka auka wa Damasak, dubban mutane suka ƙetaro kogi zuwa Gagamari da Shatimari, talakawa suka raba tukunya da su kamar yadda mutanen Madina suka yi wa masu hijira. A Fabrairun 2015 aka kai hari Bosso da Difa, aka sa dokar ta-ɓaci, cinikin tattasai da kifi ya tsaya tsawon lokaci. Duk da haka ba su bar noma ba, ba su bar allo ba.

Saboda haka, in Allah Ya hore maka, ka tambayi mutanen gari halin hanya tukuna, kada ka kusanci gaɓa sai da ɗan gari. Ka gaida malamai, ka sayi tattasai a hannun manomi ba tare da ka karya masa farashi ba, ka roƙa musu Allah Ya dawo da zaman lafiya a bakin Komadugu.