Gidan da aka ce yana cin masu shi

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Shugabanmu Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Ƴan uwana a tafarki, wani abokin karatuna a jami'a ya nuna mini hoton wani gida, ya ce ko kyauta aka ba shi ba zai kwana a cikinsa ba. Gidan yana birnin Benis na ƙasar Italiya, inda hanyoyin gari ruwa ne, ana zirga-zirga cikin kwale-kwale. Sunansa Ca' Dario, yana bakin babbar mashigar ruwan birnin, fuskarsa duk ado ne na duwatsun marmara masu launi. An gina shi a ƙarshen ƙarni na 15 domin Giovanni Dario, jakadan da ya ƙulla sulhu tsakanin Benis da Sarki Muhammadu na Biyu na daular Usmaniyya a 1479, bayan yaƙin shekara 16.

Mutanen garin suna cewa gidan la'ananne ne: wanda ya mallake shi, ko ya tsiyace ko ya yi mummunar mutuwa. Suna kuma lissafo sunaye. A 1970 an kashe mai gidan, Filippo Giordano delle Lanze, a cikinsa. Kit Lambert, manajan wata ƙungiyar mawaƙa ta Ingila, ya saye shi, dukiyarsa ta lalace, ya mutu a 1981. Attajiri Raul Gardini ya saye shi, ya kashe kansa a 1993. Ba zan ɓoye muku ba, da na ji wannan jerin sai da gabana ya faɗi. Faɗuwar gaban nan ce ta sa ni tambayar kaina: shin dutse da ƙasa suna iya cutar da ɗan Adam?

Sai na koma na bi sunayen ɗaya bayan ɗaya. Lambert a Landan ya mutu, bayan ya faɗo daga matakala, kuma ya shekara yana fama da shaye-shaye. Gardini a Milan ya mutu, lokacin da masu bincike kan cin hanci suka matso kusa da shi. Kowannensu da sababinsa a fili. Akwai kuma waɗanda ba a cika ambata ba. Dario da kansa ya rasu a 1494 da tsufansa. Rawdon Brown, masanin tarihi ɗan Ingila, ya sayi gidan a 1838, ya sayar da shi bayan ƴan shekaru saboda kuɗin gyara sun fi ƙarfinsa, ya ci gaba da zama a Benis yana aikinsa har 1883. Wane gida ne zai yi shekara fiye da 500 bai ga makoki da karayar arziki ba? Camfi yana tsince wanda ya dace da labarinsa, ya zubar da saura.

Amma kada mu yi gaggawa. Wani zai ce ai ya zo a hadisi ingantacce cewa ana samun shu'umci a gida, kuma Imam Malik ya kawo labarin mutanen da suka koma wani gida, yawansu da dukiyarsu suka ragu, aka ce su bar shi. Haka ne. Sai dai Annabi, tsira da aminci su tabbata gare shi, shi ne kuma ya hana camfi, ya so kyakkyawan fata. Malamai da yawa sun haɗa biyun da cewa shu'umcin gida shi ne ƙuncinsa da mugun maƙwabci, kuma an ba waɗancan mutane izinin tashi ne domin mummunan zato ya fita daga zukatansu. Ke nan barin gida halal ne idan zuciya ta ƙi natsuwa da shi. Abin da aka hana shi ne ka ɗauka bango yana da ikon rayawa da kashewa.

A nan ne abin ya shafe mu, mu masu neman tsarkin zuciya. Muna zama bayan asuba muna maimaita kalmar tauhidi, harshe yana cewa babu mai amfanarwa ko cutarwa sai Allah. Idan kuma muka tashi muka ƙi kama ɗakin haya don an ce wani ya rasu a ciki, ko muka fasa tafiya don mun ci karo da wanda ba mu so da safe, to me zikirin ya bari a cikinmu? Tsoro wuri ɗaya yake da shi a zuciya. Abin da ka ba dutse, ka rage shi ne daga rabon Mai dutsen.

Camfi yana da wata ɓarna kuma: yana rufe darasi. Idan muka ce gida ne ya ci Gardini, mun huta da tunanin inda kwaɗayi da cakuɗa dukiya da mulki suke kai mutum. Idan muka ce gida ne ya ci Lambert, mun manta da abin da maye yake yi wa mai basira. Mun kuma mayar da baƙin cikin iyalansu abin hira. Ɗora laifi a kan bango ya fi sauƙi, domin bango ba ya neman kowa ya tuba.

Na ce wa abokina, idan aka ba ni gidan zan shiga da bisimilla, in yi sallama, in fara duba rufi da tushe, tunda gini ne tsoho a kan ruwa. Wannan riƙo da sababi ne, kuma addini ya yarda da shi. Ajali kuwa, idan ya zo, ba ya tambayar a wane gida mutum yake.

Allah Ya tsarkake zukatanmu daga tsoron wanin Sa, Ya ba mu tawakkali na gaskiya, Ya sa mu cika da imani. Amin.