WA'AZI A KAN MAGANIN FESHI DA AMANAR NOMA

Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, Mai ciyar da bayinSa daga abin da ƙasa take tsirarwa. Tsira da aminci su tabbata ga Annabinmu Muhammadu, da alayensa, da sahabbansa, da waɗanda suka bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya ku 'yan'uwa samarin Musulmi, wa'azinmu na yau a kan maganin feshi ne, watau maganin ƙwari da maganin ciyawa. Wani zai ce, "Malam, me ya haɗa wa'azi da maganin feshi?" To, ɗan'uwa, abin da ya haɗa su shi ne rai da abinci da ruwan sha. Duk abin da ya taɓa waɗannan uku kuwa, akwai halal da haram a cikinsa. Kuma ku muka nufa da maganar, domin ba tsofaffi ne suke goya injin feshi ba, ku ne. Ku ne masu yin feshin ƙwadago, ku ne masu tsare shagon magani a kasuwa, ku ne masu ɗura wake a buhu.

NOMA IBADA NE, KARE SHUKA KUMA HALAL NE

Ya tabbata a cikin Buhari da Muslim cewa Musulmin da ya yi shuka ko dashe, har mutum ko tsuntsu ko dabba suka ci daga ciki, to an rubuta masa ladan sadaka. Haka nan kare shuka daga tsutsa da fara da wuta-wuta halal ne, kuma yana cikin riƙon sababi. Mutumin nan da ya tambayi Manzon Allah (S.A.W.) game da raƙuminsa, ai umurtarsa aka yi ya ɗaure shi tukuna, sa'an nan ya dogara ga Allah. Saboda haka ba mu ce feshi haramun ne ba. Abin da muke cewa shi ne, wannan abu guba ne, sunan magani kawai aka laƙaba masa. Wanda ya riƙe guba a hannunsa kuwa ya ɗauki amana, kuma za a tambaye shi.

ABIN DA BINCIKE YA NUNA

A shekarar 1939 wani masani a ƙasar Suwizalan, Paul Müller, ya gano cewa DDT yana kashe ƙwari. Duniya ta yi murna, har aka ba shi kyautar Nobel a 1948. Amma ba a yi shekara goma ba sai ga ƙudaje da sauro waɗanda maganin ba ya kashe su. Daga baya kuma aka gano ba ya ruɓewa da wuri: yana zama a ƙasa, ya shiga ruwa, ya taru a kitsen kifi da tsuntsu da mutum, har cikin nonon uwa. Amurka ta hana amfani da shi a gona a 1972. A 2001 ƙasashen duniya suka ƙulla yarjejeniya a birnin Stockholm don kawar da irin waɗannan magunguna, a 2009 kuma aka ƙara lindane a cikin jerin. Lindane ɗin nan shi ne Gamalin da wasu suka riƙa zubawa a rafi don kamun kifi.

Yaya ake yi magani ya daina ci? Ku saurara da kyau. In ka yi feshi, mafi yawan ƙwarin sun mutu, amma akwai 'yan kaɗan da jikinsu ya jure. Su ne za su hayayyafa, 'ya'yansu su gaji juriyar. Ka sake fesa wannan maganin, ka sake tace masu ƙarfi. Bayan 'yan shekaru sai ka ji manomi yana cewa maganin yanzu ba shi da kyau, ya ƙara murfi biyu a kan ɗaya. Alhali shi ne ya yi renon ƙwaron da hannunsa. Masana sun ƙidaya fiye da iri 500 na ƙwari da suka zama haka.

Abu na biyu, Allah cikin hikimarSa Ya sanya wa kowane ƙwaro abokin gaba: gizo-gizo, da zanzaro, da tsuntsaye, da kwaɗi. Guba ba ta tambayar wane ne mai ɓarna, wane ne mai gadi. A ƙasar Indonesiya an yi ta feshin shinkafa har aka kashe masu gadin, sai wani ɗan ƙwaro mai tsotson ruwan shinkafa ya samu fili ya yi ɓarna mai yawa. A 1986 gwamnatinsu ta hana fesa magunguna iri 57 a gonar shinkafa, aka koma koya wa manoma duba gona kafin feshi. Shinkafar kuwa ba ta ragu ba. Allah Ya gaya mana a Suratur Rum cewa ɓarnar da take bayyana a tudu da ruwa aikin hannun mutane ce. To, ga misalinta a fili.

LAIFUFFUKA HUƊU DA SUKA YAWAITA A CIKINMU

Na farko, cutar da kai. Sai ka ga saurayi yana feshi da singileti, ba takalmi, ba safar hannu, ba abin rufe hanci. Ya dama magani da hannu, bakin injin ya toshe ya sa baki ya busa, ya gama ya zauna cin rogo bai wanke hannu ba. Ka yi masa magana ya ce, "Ai mun saba." Wallahi ba a sabawa da guba! Tana shiga ta fata, ta shiga ta numfashi. Maganin ciyawar nan paraquat, kurɓi kaɗan yana lalata huhu, kuma ba shi da makari, shi ya sa Tarayyar Turai ta daina yarda da shi tun 2007. Allah Ya hana mu jefa kanmu cikin halaka a Suratul Baƙara. Jikinka ba naka ba ne, aro aka ba ka.

Na biyu, ha'inci a abinci. Mutum ya fesa wa tumatir ko alayyafo magani yau, gobe da asuba ya tsinka ya kai kasuwa, alhali an rubuta a jikin kwalba kwana nawa za a jira. Wani ya zuba fiya-fiya a cikin wake ko busasshen kifi don kada ƙwaro ya ci. A 2015 Tarayyar Turai ta dakatar da shigar da busasshen wake daga Nijeriya saboda yawan dichlorvos da aka samu a ciki. To, in su sun ƙi karɓa, wa yake cinye shi? Mu ne, da iyayenmu, da almajiran da ake zuba wa a kwano. Imam Muslim ya ruwaito cewa Manzon Allah (S.A.W.) ya wuce wani mai sayar da abinci, ya sa hannu cikin tsibin, ya ji jiƙaƙƙe a ƙasa an rufe shi da busasshe, sai ya nuna masa cewa mai ha'inci ba ya cikinmu. Wannan fa ruwan sama ne kawai ya jiƙa abincin. Ina ga wanda ya ɓoye guba?

Na uku, ɓata ruwa. An hana Musulmi yin fitsari a ruwan da ba ya gudu. To, yaya hukuncin mai wanke injin feshi a tafkin da mutane da shanu suke sha? Yaya na mai zuba magani a rafi ya kashe kifi manya da ƙanana? Yaya na mai ɗauraye jarkar magani ya sayar a zuba man gyaɗa ko kunu?

Na huɗu, kashe abin da bai yi laifi ba. Ya zo a Buhari da Muslim cewa Allah Ya yi wa wani Annabi gargaɗi saboda ya ƙone gidan tururuwa gaba ɗaya don guda ɗaya ta cije shi. A ruwayar Abu Dawuda kuma an hana kashe ƙudan zuma. Mai feshi da rana tsaka lokacin da shuka take fure yana kashe zuma, zuma kuwa ita ce take ɗaukar garin fure daga wannan zuwa wancan har kabewa da kankana da mangwaro su yi 'ya'ya. Ka ga ya cuci mai amya, ya cuci kansa.

HANYOYIN DA BA SU BUKATAR GUBA MAI YAWA

Kada wani ya ce an hana mu ba a ba mu madadi ba. Akwai madadi, kuma yawancinsa a ƙasashenmu aka gwada shi.

1. Ajiya. A Suratu Yusuf, Annabi Yusuf (A.S.) ya shawarci mutanen Masar su bar hatsi a zangarniyarsa in za su ajiye. Iyayenmu ma haka suke zuba dami a rumbu, wake kuma su cakuɗa shi da toka ko yashi. Yanzu akwai buhun PICS, wanda Jami'ar Purdue ta Amurka ta fitar tare da masu bincike na arewacin Kamaru, aka fara yaɗa shi a ƙasashenmu daga 2007. Leda biyu ce a ciki, buhu ɗaya a waje. Ka busar da wake sosai, ka zuba, ka matse iska, ka ɗaure kowane ɗaya daban. Ƙwaron zai shaƙe sauran iskar ya mutu, ba ko ɗigon magani. Duro ko jarka mai murfi da ba ta shan iska ma tana yin wannan aiki, muddin ba a taɓa zuba guba a cikinta ba.

2. Wuta-wuta. Tushe ɗaya yana zubar da iri dubun dubata, irin kuma yana iya kwana a ƙasa fiye da shekara goma. Ba ya tsirowa sai ya ji alamar saiwar shuka kusa da shi. Masu bincike a Samaru ta Zariya da cibiyar IITA sun nuna cewa in ka shuka waken soya ko auduga, irin zai tsiro, amma bai sami saiwar da zai kama ba, sai ya mutu. Saboda haka ka riƙa juya shuka, bana dawa ko masara, baɗi waken soya ko gyaɗa. Ka zuba takin gargajiya, domin wuta-wuta ta fi son gajiyayyar ƙasa. Ka tuge ta kafin ta yi fure, ka ƙone. Ka kuma nemi irin masara mai jure mata wurin malamin gona.

3. Haɗa shuka. A ƙasar Kenya, cibiyar icipe ta fitar da wata dabara: a shuka wata ganye mai suna desmodiyum tsakanin layukan masara, a kewaye gonar da ciyawar dabbobi. Warin ganyen yana korar malam-buɗe-littafin da yake haifar da tsutsar kara, ciyawar gefe ta janye shi, saiwar ganyen kuma ta danne wuta-wuta. Ga abincin dabbobi a sama.

4. Abokan gaba. Lokacin da wani ƙwaro ya auka wa rogon Afirka a shekarun 1970, masana na IITA sun samo wani ɗan mitsitsin zanzaro daga Kudancin Amurka, suka sake shi a Nijeriya a 1981, ya bazu ya danne ƙwaron. A Maraɗi ma cibiyar INRAN tana renon wani ɗan zanzaron da ake sakewa a gonakin gero don ya kashe tsutsar zangarniya.

5. Darbejiya, wadda wasu suke kira dogon yaro ko bedi. A daka 'ya'yanta, a jiƙa su kwana, a tace, a sa ɗan sabulu, a fesa da yamma. Tana hana tsutsa ci da girma, sai dai tana son maimaici.

6. Fartanya. Noman firi da maimai a kan lokaci, da gayya irin ta da. Kada saurayi ya ji kunyar duƙawa.

IN FESHI YA ZAMA DOLE

Akwai lokacin da ɓarna takan yi yawa, kamar yadda tsutsar masara ta shigo mana a 2016. To, a lokacin ka kiyaye waɗannan:

Ka zagaya gonarka tukuna ka ga me ke ci, kada ka yi feshi don kawai maƙwabci ya yi. Ka tambayi malamin gona, domin tambayar masana umurni ne na Alƙur'ani. Ka sayi mai lambar NAFDAC, ko ta hukumar ƙasarku, kada ka sayi na ɗure a kwalbar da ba rubutu. Ka duba launin da ke gindin takardar: ja shi ne mafi haɗari, sai rawaya, sai shuɗi, sai kore. Ka auna yadda aka rubuta, ba ƙari. Ka rufe jikinka, ka ba iska baya, ka yi da sassafe ko da yamma. Kada ka nace wa iri ɗaya kullum. Ka yi wanka da sabulu, ka wanke kayan daban. Ka huda kwalbar da ta ƙare don kada a sake amfani da ita. Ka kulle saura nesa da yara da abinci, kada ka juye shi a robar lemo.

In kuwa wani ya sha ko ya shaƙa, ka ga yawu yana dalala, gumi, amai, numfashi da ƙyar, to kada a tsaya ɗura masa madara ko manja. A cire masa kayan, a wanke jikinsa, a garzaya asibiti tare da kwalbar, domin likita ya san irin gubar. Haka nan in ka ga ɗan'uwanka cikin ƙunci har yana maganar ya gaji da duniya, ka kawar da magani daga kusa da shi, ka zauna da shi, ka sanar da manya a nema masa taimako.

KAMMALAWA

Ya kai ɗan'uwa, kafin ka ɗora wa buhu igiya, ka tambayi kanka: zan yarda mahaifiyata ta dafa wannan? In ba za ka yarda ba, to kada ka sayar wa uwar wani. Ribar buhu goma ba za ta biya maka haƙƙin rai ɗaya ba a gaban Allah. Wanda ya aikata a da cikin jahilci ya tuba, ya daina. Wanda ya ji kuma ya isar wa wanda bai ji ba, a majalisa, da shago, da bakin gona.

Allah Ya sa albarka a gonakinmu, Ya kare mu daga fara da fari da annoba, Ya ciyar da mu halal, Ya tsare hannuwanmu daga cutar da bayinSa. Amin.

Wassalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.