Maganar Da Ba Ta Da Mai Ita

Duk wanda ya saba zaman fada da maraice, a Maraɗi ko Damagaram ko Tawa, ya san yadda hira take juyawa a wannan zamani. Ana cikin jiran shayi na biyu sai wani ya ɗaga wayarsa ya ce a saurara. Murya ta fito, ba a san mai ita ba, tana cewa an kama wani babba da kuɗin jama'a, ko an ga baƙi suna satar yara a wani gari, ko kuwa allurar da ake yi a gidan likita tana hana haihuwa. A ƙarshe muryar ta roƙi duk wanda ya ji ya tura wa ƴan'uwa don Allah. Kafin a zuba shayi na uku saƙon ya shiga wayoyi goma, gardama kuma ta kaure. Wani ya ce ya kamata hukuma ta ɗaure masu irin wannan aiki. Wani ya ce in aka fara ɗaure mutane saboda magana, ba wanda zai saura a waje. Wanda ya kunna saƙon kuwa sai ya ce shi ba ruwansa, turo masa aka yi, shi ma ya tura.

Tambayoyi biyu ne a cikin wannan gardama, kuma ɗaya ba ta rabuwa da ɗaya. Ta fari, mutumin da ya tura maganar da ba shi ya ƙaga ba, yana da alhaki a kanta? Ta biyu, in maganar ta yi ɓarna, har ina ya kamata hannun hukuma ya kai?

A zamanin da, kowace magana tana da mai ita. Mai shela in ya zaga gari, an san sarki ne ya aiko shi. Maroƙi in ya yi wa attajiri zambo, a bainar jama'a yake yi, gobe kuma za su gamu a kasuwa. Bafillace yana faɗa wa Babarbare abin da ya ga dama cikin wasan da ke tsakaninsu, amma ido da ido. Ko mai tsegumi, in aka bi sawu ana iske shi: wa ya faɗa maka? Wane. Shi kuma wa ya faɗa masa? Kafin a kai mutum na huɗu an isa tushe. Saboda haka kunya tana tsaron baki tun ba a je gaban alƙali ba. Har lokacin da bakin jama'a ya buɗe a Nijar da babban taron ƙasa na 1991, jaridu masu zaman kansu suka yawaita, gidajen rediyo suka biyo baya, magana ba ta rasa mai ita ba. Jarida tana da suna, tana da mazauni, wanda aka ɓata wa suna ya san ƙofar da zai ƙwanƙwasa.

Wayar hannu ce ta sauya wannan. Saƙo yana iya ratsa ƙasashe uku cikin dare ɗaya ba tare da an san bakin da ya fito ba. A watan Agusta na 2014, bayan da cutar Ebola ta shiga Najeriya, labari ya bazu cewa wanka da ruwan gishiri da shansa suna kare mutum daga cutar. Mutane suka tashi iyalansu tun kafin asuba, suka kira dangi na nesa suna gargaɗinsu. Waɗansu suka kwanta asibiti, har aka sami waɗanda gishirin ya kashe. A Indiya kuma, a 2018, jita-jitar ɓarayin yara ta bi WhatsApp, jama'a suka kashe baƙi masu wucewa waɗanda ba su san hawa ba, ba su san sauka ba. Abin ya kai kamfanin ya ƙayyade turawa zuwa wuri 5 kawai a lokaci guda, a 2019 kuma ya shimfiɗa wannan iyaka a duniya duka. Abin lura shi ne, yawancin masu tura labarin gishiri ba mugunta ce ta sa su ba, ƙaunar dangi ce. Ƙarya ba ta bukatar miyagu da yawa. Mugu ɗaya ya ishe ta, in ta sami mutanen kirki dubu masu gaggawa.

To, mai turawa yana cewa shi ɗan aike ne kawai. Amma ɗan aike na gaskiya ya san wanda ya aike shi, in an tuhume shi zai nuna shi. Mai turawa ba wanda ya aike shi, shi ya aiki kansa. Banda wannan, saƙon yana isa da sunansa a kai. Tsohuwa a ƙauye, in ta ji saƙo daga wayar ɗanta da ya yi lekol, ba muryar baƙon take gaskatawa ba, ɗanta take gaskatawa. Ashe maganar da ta taso ba ta da mai ita, ta sami mai ita a hannunsa, ya ara mata mutuncinsa. Da masallaci da majami'a duka suna hana shaidar zur, kuma wanda ya tsaya wa abin da bai gani ba, bai kuma bincika ba, ya sa ƙafa a wannan hanya. Gaskiya ne laifinsa bai kai na wanda ya zauna ya ƙaga ƙaryar da gangan ba, kamar yadda wanda ya cinna wa rumbu wuta ya fi wanda ya ratsa da garwashi cikin sakaci. Amma in hatsi ya ƙone, mai rumbu ba zai ci uzurin sakaci a madadin tuwo ba.

Tun da akwai alhaki, masu neman doka suna da hujja. Wanda aka yi wa ƙazafi, aka watsa hotonsa ko na ɗiyarsa, yana da hakkin a bi masa kadinsa, kuma ba shi da inda zai kai kuka sai shari'a. Sai dai tarihin Nijar kansa ya nuna wuyar sa ma'auni. A 2010 aka soke ɗaurin ƴan jarida saboda ɓata suna. A 2019 aka kafa dokar laifuffukan intanet, wadda ta tanadi ɗaurin wata 6 zuwa shekara 3 ga wanda ya ɓata suna ko ya watsa abin da zai tada hankalin jama'a. A 2022 aka cire ɗauri a kan zagi da ɓata suna, aka bar tara. A watan Yuni na 2024 aka maido da shi, shekara 1 zuwa 3, na tada hankalin jama'a kuma ya koma shekara 2 zuwa 5. Sau huɗu cikin shekara 14 ma'auni ya motsa, alhali ƙarya da gaskiya suna nan inda suke.

A nan ne damuwar mai tsoron doka take da tushe. Ɓata suna yana da gwaji: an faɗi abu, a kawo shaida ko gaskiya ne ko ƙarya. Tada hankalin jama'a kuwa ba shi da irin wannan gwaji, gama gaskiya ma tana tada hankali. Labarin cewa an karkatar da hatsin agaji, ko maganin kyauta ya fito kasuwa ana sayarwa, zai fusata mutane ƙwarai, kuma fushin zai fi zafi in labarin gaskiya ne. In ma'aunin laifi shi ne tashin hankali kaɗai, to mai ƙarya da mai gaskiya za su kwana ɗaki ɗaya a gidan kaso. Kuma wanda zai fara cewa hankali ya tashi, sau da yawa shi ne wanda maganar ta taɓa. Ba a ba mai ƙara kujerar alƙali. Ya kamata kowane mai murna da irin wannan doka yau ya tuna mulki juyi yake yi, sandar da ya yaba a hannun nasa, gobe tana hannun wani.

Akwai kuma hanyar da ta fi wannan faɗi, wato rufe intanet gaba ɗaya. Kamaru ta yi haka a yankunanta masu magana da Ingilishi wajen wata 3 a 2017. Cadi ta toshe WhatsApp da Facebook da makamantansu daga Maris na 2018 zuwa Yuli na 2019, wata 16 ke nan. A Nijar an katse intanet na wayar hannu wajen kwana 10 bayan zagaye na biyu na zaɓen shugaban ƙasa a Fabrairu na 2021. Masu yin haka suna cewa rigakafi ya fi magani, kuma ba a musun cewa jini ya fi magana tsada. Amma wa horon yake faɗa wa? Mai ƙaga ƙarya yakan san hanyar kewaye shinge. Wanda ke shan wuya shi ne ɗan kasuwa mai jiran farashin albasa, da matar da mijinta ke ci-rani a Libiya ko Abijan tana jiran muryarsa, da ɗalibi mai neman darasi. Jita-jita kuwa ba ta mutuwa don an kashe waya. Takan koma baki da baki, inda ba mai iya ƙaryata ta, shirun hukuma kuma ya zama shaidarta. Gana ta bi wata hanya dabam tun 2001, da ta soke dokar da ke mayar da ɓata suna laifin ɗauri, aka bar wanda aka zalunta ya nemi diyya a kotu.

In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Jita-jita tana ƙiba ne a inda labarin gaskiya yake jinkiri. Hukumar da ke faɗin abin da ya faru da wuri, da adadinsa, ko da ba daɗin ji, ta rage wa maƙaryata kasuwa fiye da yadda kurkuku zai rage. Aikin doka shi ne ta kama wanda ya ƙaga ƙarya mai cutarwa da wanda ya zuga a zub da jini, ta kawo shaida a gaban alƙali mai zaman kansa, ta kuma kyale gaskiya mai ɗaci.

Sauran aikin yana hannun mai waya, kuma ba jandarman da zai yi masa shi. Kafin yatsa ya taɓa wurin turawa, akwai abin da ya kamata mutum ya tambayi kansa. Wa ya faɗi wannan, ya ambaci sunansa da garinsa da ranar da abin ya faru? In ƙarya ce, wa za ta cuta? Zai iya tsayawa gaban wanda ake magana a kansa ya maimaita ta da bakinsa? In ba zai iya ba, to ya bar saƙon ya mutu a wayarsa, ba abin da ya rage shi. In kuwa ya bincika ya tabbata gaskiya ce, kuma shiru zai cuci marasa ƙarfi, sai ya faɗe ta da sunansa, ya ɗauki nauyinta kamar yadda mutanen da suke yi. In an tambaye shi wa ya ce, kada ya ce an ce. Ya ce shi ne.