Wa Zai Yi Wa Gansakuka Kuka?

Idan aka ambaci dajin Kamuku na ƙasar Birnin Gwari, giwa da gwanki ne kan fara faɗo mana a rai. Tun 1936 aka keɓe dajin, a 1999 kuma Gwamnatin Tarayya ta mai da shi gandun ƙasa. To, domin wa aka keɓe shi? Gansakukar da ke manne a duwatsun Dogon Ruwa, da katantanwar da ke jan ciki ƙarƙashin ganyen doka, suna cikin lissafin kuwa?

Tun zamanin Linnaeus, wanda ya tsara sunayen tsirrai a 1753 da na dabbobi a 1758, masana suka ajiye su gida daban-daban. Gansakukar dutse tsiro ce marar fure, marar iri, marar saiwar kirki. Katantanwa kuwa dabba ce mai taushin jiki. Amma a gaɓar tekun gabashin Amurka akwai 'yar'uwarta marar ƙwanso, wadda kan tsotse koren gansakukar ruwa ta adana a jikinta, ta zama kamar ganye, tana cin moriyar hasken rana. Ashe katangar da muka gina tsakaninsu gajera ce.

Wani zai ce, ina ruwanmu? Ai ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido. Wata gansakukar fadama ita ce ginshiƙin yawancin dausayoyin ƙasashen sanyi. Irin waɗannan dausayoyi kashi 3 cikin 100 ne kacal na doron ƙasa, amma kabon da suka danne ya fi na dukan itatuwan dazuzzukan duniya. Haka kuma a kundin IUCN, wanda aka fara a 1964, dangin katantanwa da suka ƙare ƙurmus sun fi tsuntsayen da suka ƙare yawa. Wa ya yi musu zaman makoki?

Idan mai gawayi ya kayar da doka, inuwa ta tafi, dutse ya bushe, gansakuka ta mutu, katantanwa ta bi ta. Ba mai jin labari, domin muna auna darajar rai da girman jiki da kuma ribar da za mu ci. Da wannan mudun ne kuma muke auna mutane: a kai hari ƙaramin ƙauye, a ba da labari ba tare da sunan ko mutum ɗaya ba.

Nan ne aikinmu yake, mu marubuta. Kalma ɗaya muke kiran gansakukar tafki da ta dutse, alhali ba jinsi ɗaya ba ne. Mu nemi maharba da masu magani tun suna raye, mu tambayi sunayen ƙananan halittun dajin nan, mu rubuta. Abin da ba shi da suna, ba a sanin ranar da ya ɓace.